Yadda Mutane Ƙalilan Suka Tsare Manhajar Da Ke Cikin Aljihun Kowa

Duk wanda ke riƙe da wayar hannu irin ta zamani a ƙasar nan, ko a Legas yake zaune ko a Maiduguri, yana yawo da wata 'yar ƙaramar manhaja a aljihunsa wadda mai yiwuwa bai taɓa jin ko sunanta ba. Sunanta SQLite. Ita ce ke riƙe da sunayen mutane da lambobinsu a cikin wayar Android, ita ke adana saƙonnin WhatsApp a cikin waya, tana cikin iPhone, tana kuma cikin Chrome da Firefox waɗanda ake shiga intanet da su. Masu ita sun ƙiyasta cewa rumbunan bayanan da ke aiki da ita a duniya sun zarce tiriliyan 1, watau miliyan sau miliyan.

Mai karatu zai zaci wani gawurtaccen kamfani ne mai dubban ma'aikata ke bayanta. Ko kusa. Mutanen da ke rubuta ta suna kula da ita ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma an yi shekaru da dama su uku ne kacal. Duk da haka masana sun yarda tana cikin manhajojin da suka fi kowace shan gwaji a duniya. Yadda aka yi haka ta faru abin dubawa ne ga duk mai sana'ar rubuta manhaja da ƙaramin jari, da kuma duk wanda kuɗinsa ko takardunsa suka koma cikin na'ura.

ASARAR DA KUSKURE ƊAYA KAN JAWO

Manhaja dai ba kome ba ce illa jerin umarni da mutum ya rubuta wa kwamfuta, layi bayan layi. Ita kuwa kwamfuta ba ta da hankalin da za ta ce wannan umarni bai yi kama da gaskiya ba. Abin da aka rubuta shi za ta aikata, ko da zai kai ta ga halaka.

Ran 4 ga watan Yuni na 1996 ƙasashen Turai suka harba sabuwar rokarsu mai suna Ariane 5 daga Kourou, a Giyana ta Faransa. Ba ta cika daƙiƙa 40 a sama ba ta kauce hanya ta tarwatse, tare da taurarin ɗan Adam huɗu da take ɗauke da su. An ƙiyasta asarar ta kai dala miliyan 370. Da aka bincika sai aka tarar an ɗauko manhajar da ke auna tafiyar tsohuwar roka, Ariane 4, an ɗora wa sabuwa ba tare da an gwada ta da irin tafiyar sabuwar ba. Akwai wani gurbi a cikinta wanda ba ya ɗaukar adadin da ya wuce 32,767. Sabuwar roka ta fi tsohuwa gudu, adadin ya zarce gurbin, na'urar ta tsaya cik. Na'urar da aka ajiye domin ko-ta-kwana ita ma manhajarsu ɗaya, saboda haka ciwon da ya kashe wannan shi ya kashe waccan.

Haka kuma ran 1 ga watan Agusta na 2012 wani kamfanin cinikin hannun jari na Amurka, Knight Capital, ya yi asarar fiye da dala miliyan 400 cikin minti 45. Dalili shi ne an sa sabuwar manhaja a manyan na'urorinsa bakwai, aka manta ta takwas, ba kuwa wanda aka ɗora wa alhakin ya bi baya ya duba. Waɗannan wurare biyu ba kuɗi suka rasa ba, ba kuma masana ba. Ɗan hakin da aka raina ne ya tsone musu ido.

DAGA JIRGIN RUWAN YAƘI

Wanda ya ƙirƙiro SQLite wani Ba'amurke ne mai suna D. Richard Hipp, mazaunin birnin Charlotte a jihar Carolina ta Arewa, wanda ya sami digirin digirgir a Jami'ar Duke a 1992. Wajen shekarar 2000 yana aikin kwangila a kan wata manhaja domin jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna USS Oscar Austin. Aikin manhajar shi ne, idan bututu ya fashe a cikin jirgi, ta nuna wa ma'aikata bawul ɗin da za su rufe da wanda za su buɗe domin a killace ɓarnar.

Bayanan bututun duka suna cikin wata manhaja dabam mai zaman kanta, Informix, wadda sai an tashe ta an kuma ajiye mai kula da ita. Misalinta kamar ma'aji ne mai riƙe da makullin rumbu: in ba ya nan, ba mai ɗiban hatsi. Duk ranar da Informix ta ƙi tashi, sai manhajar Hipp ta nuna ba ta iya samun bayani, laifi kuma ya faɗa kansa alhali ba shi ya kar zomon ba. Daga nan ya tambayi kansa, me zai hana a kawar da ma'ajin, a zuba bayanai duka cikin fayil guda, a ɗinka makullin a jikin manhajar da ke bukatarsu? A watan Agusta na 2000 ya fitar da SQLite ta farko. Daga baya ya sallama ta ga jama'a kyauta, kowa ya ɗauka ya yi abin da ya ga dama da ita ba sai ya nemi izini ba.

Ƙanƙantarta, domin ba ta cika megabait ɗaya ba, da kuma rashin bukatar mai kula, su suka sa masu ƙera wayoyi suka rungume ta. To, a nan ne wahala ta soma. A 2008 wayar Android ta farko ta shiga kasuwa da SQLite a cikinta. Kafin wannan lokaci Hipp yana ganin manhajarsa ta nuna sarai, domin tana da gwaje-gwaje masu yawa kuma tana cinye su. Amma da ta shiga hannun miliyoyin mutane, sai rahotannin ɓaraka suka yi ta kwararowa. Kuskuren da kan auku sau ɗaya cikin miliyan, mutum guda zai iya shekara bai gamu da shi ba, amma idan masu amfani sun kai miliyoyi, kullum sai ya faɗa wa wani.

ARON MA'AUNIN MASU JIRGIN SAMA

Hipp ba shi da kuɗin ɗaukar rundunar masu gwaji. Abin da yake da shi shi ne wani darasi da ya samu sa'ad da ya yi wa kamfanin Rockwell Collins aiki, masu ƙera kayan lantarkin jiragen sama. A can ya ga wata ƙa'ida mai suna DO-178B, wadda aka fitar a 1992, wadda a lokacin hukumomin sufurin sama ke auna manhajar jirgi da ita kafin su yarda ya ɗauki fasinja.

Ga yadda ma'aunin yake. Kowace manhaja cike take da mararraba, inda ake cewa idan kaza ya faru a bi dama, in bai faru ba a bi hagu. Gwaji na kasala shi ne a bi hanyar da aka saba bi, a ga ta fita, a ce an gama. Ma'aunin masu jirgi kuwa cewa ya yi sai an bi kowace mararraba ta ɓangarorinta biyu, sa'an nan in sharuɗɗa biyu ko uku ne suka haɗu a mararraba ɗaya, sai an nuna kowane sharaɗi shi kaɗai yana iya juya sakamakon.

A ɗauki misalin na'urar cirar kuɗi. An rubuta mata cewa, idan lambar sirri daidai ce kuma kuɗin da ke asusu ya isa, ta biya. Mai gwajin kasala zai sa lamba daidai da asusu mai kuɗi, ya ga ta biya, sa'an nan ya sa lambar ƙarya da asusun da ba kome, ya ga ta hana, ya tafi gida da murna. Amma da a ce marubucin ya manta bai haɗa binciken lambar sirri ba sam, gwaje-gwajen nan biyu duk za su wuce lami lafiya. Sai an sa lambar ƙarya tare da asusu mai kuɗi, an kuma sa lambar gaskiya tare da asusun da ya bushe, kafin asirin ya tonu.

Hipp ya ƙudura sai ya kai SQLite ga wannan matsayi ɗari bisa ɗari. Ya rubuta sabon injin gwaji mai suna TH3. A wata hira da aka yi da shi a 2021 ya bayyana cewa aikin ya ci masa shekara guda yana aikin awa 60 a mako, kuma kaiwa kashi 90 ko 95 cikin ɗari ba shi da wuya, ragowar ɗan kason nan na ƙarshe shi ne mai fitar da gumi. A 2009 aka fitar da SQLite ta farko wadda aka bi kowace mararraba ta cikin zuciyarta. Bisa ga bayaninsa, daga nan rahotannin ɓaraka suka ɗauke kamar ruwan sama, aka yi shekaru takwas zuwa tara ba a jin ɗuriyarsu sai jefi-jefi.

Adadin da masu SQLite suka bayar a 2023 ya nuna girman abin. Manhajar kanta layi kusan 155,800 ce. Rubutun da aka yi domin gwada ta kuwa ya wuce layi miliyan 92, watau ya ninka ta sau 590. Ba da hannu aka rubuta wannan duka ba. Da yawa daga ciki na'ura ce aka koya wa ta haifar da su. Kafin a fitar da kowane sabon zubi akan gudanar da gwaji sama da miliyan 200. Akwai kuma wani rukuni na tambayoyi miliyan 7.2 da akan yi wa SQLite, a yi wa takwarorinta irin su PostgreSQL da MySQL da Oracle, a gwama amsoshin. Duk inda aka sami saɓani, to wani ya yi kuskure, sai a bincika a ga ko wane ne.

IDAN AKA ƊAUKE WUTA FA?

Sashen da ya fi dacewa da halin da ake ciki a ƙasar nan shi ne wanda suke gwada mugun yanayi. Yawancin masu rubuta manhaja kan ɗauka cewa wuta za ta zauna, faifai ba zai cika ba, ƙwaƙwalwar na'ura ba za ta ƙare ba. Wanda ya yi aiki a ofis a Kano ko Fatakwal ya san wannan zato ba ya kai mutum ko'ina.

A ce ana tura naira 5,000 daga asusun wani zuwa na wani. Aiki biyu ne: a cire daga na farko, a zuba a na biyu. In wuta ta ɗauke a tsakanin biyun, kuɗin ya bar nan bai isa can ba. Alkawarin da SQLite ta yi shi ne ko dai aikin ya kammala gaba ɗaya, ko kuwa ya zama kamar ba a taɓa soma shi ba. Ɗaya daga cikin dabarunta ita ce, kafin ta taɓa kowane shafi na bayanai sai ta kwafi asalinsa ta ajiye a wani fayil na gefe. Idan na'ura ta mutu ta farfaɗo, ta tarar da fayil ɗin nan, ta san an bar aiki a rabi, sai ta mayar da kome yadda yake a da.

Alkawari kuwa sai an gwada akan san na ƙwarai. Ba zai yiwu mutum ya zauna yana zare soket sau dubbai ba, saboda haka suka rubuta wani faifan ƙarya a cikin na'ura, wanda ke kwaikwayon ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu, har ya hargitsa abin da ba a gama ajiyewa ba kamar yadda faifan gaske kan yi. Bayan kowace mutuwar ƙarya sai a buɗe rumbun a duba ko alkawari ya cika.

Irin wannan dabara suke yi wa ƙarewar ƙwaƙwalwa. Duk sa'ad da manhaja ke aiki takan nemi na'ura ta ba ta wuri sau da yawa. Sai su shirya a hana ta a roƙo na farko, su ga yadda za ta yi. Sa'an nan a sake daga farko, a ba ta na farko a hana ta na biyu. Haka za a yi ta matsawa ɗaya bayan ɗaya har aikin ya kai ƙarshe ba a hana ta kome ba. Ana yin haka ga kuskuren karatu da rubutu a faifai. Har ma sukan haɗa masifa biyu, watau faifai ya ƙi aiki daidai lokacin da manhajar ke ƙoƙarin farfaɗowa daga ɗaukewar wuta. Wannan duka na'ura ce ke yi da kanta, dare da rana, ba albashi ba hutu.

BAƘI SUN TONA ABIN DA YA ƁUYA

Kada mai karatu ya ɗauka an kai inda ba sauran kuskure. A 2015 wani masanin tsaron kwamfuta ɗan ƙasar Poland, Michal Zalewski, ya saki wata manhajarsa mai suna American Fuzzy Lop a kan SQLite. Aikin wannan manhaja shi ne ta yi ta cusa shirme da gurɓataccen umarni, tana lura da wanda ya kai ta wani sabon lungu, sa'an nan ta ƙara murɗa shi ta sake cusawa. Cikin ɗan lokaci ta tono kurakuran da miliyoyin gwaje-gwajen Hipp ba su gani ba. Dalili a fili yake: mutum yana gwada abin da hankalinsa ya kawo masa ne, ita kuwa na'ura tana cusa abin da mai hankali ba zai taɓa tunanin rubutawa ba.

Masu SQLite ba su tsaya musu ba. Suka gyara, suka ɗauki dabarar suka mayar da ita tasu. A 2016 kamfanin Google ya sa SQLite cikin shirinsa na OSS-Fuzz, wanda ke yi wa manhajojin kyauta irin wannan gwaji ba da kuɗi ba. Wajen ƙarshen 2018 suka ƙera nasu injin, dbsqlfuzz, wanda ke gurɓata umarni da fayil ɗin bayanai a lokaci guda, sau ɗaruruwan miliyoyi a kowace rana. A 2019 kuma wani mai bincike a jami'ar ETH ta birnin Zurich, Manuel Rigger, ya zo da wata hanyar da ta kamo wuraren da SQLite ke ba da amsar da ba daidai ba, ba tare da ta faɗi ba. Shi ma aka gyara abin da ya gano, aka kuma yaba masa a rubuce.

Akwai wata doka da suke bi wadda ita ce ginshiƙin duka. Ba a cewa an gyara kuskure sai an rubuta gwajin da zai kama shi in ya sake dawowa, an kuma tara shi a kan na baya. Saboda haka kowane rahoton ɓaraka, ko daga wa ya fito, ƙarin katanga ne. Har gwaje-gwajen ma ana gwada su: sukan ɓata wata mararraba da gangan a cikin manhajar, su ga ko gwaji zai yi kuka. In ya yi shiru, to mai gadin barci yake yi.

Daga ƙarshe, kafin a fitar da sabon zubi akwai jerin abubuwa kusan 200 da mutum ke bi ɗaya bayan ɗaya da idonsa yana sa alama. Da gangan suka ƙi barin wannan a hannun na'ura, domin na'ura tana amsa tambayar da aka yi mata ne kawai, mutum kuwa yana iya ganin abu ya ce wannan bai kwanta masa ba. Irin wannan jeri ne da Knight Capital na da shi, da ba a manta na'ura ta takwas ba.

ABIN DA MAI ƘARAMIN JARI ZAI ƊAUKA

Ƙarancin mutane shi kaɗai ba ya haifar da inganci. Manhajar OpenSSL, wadda ke tsare sirrin shafukan intanet da yawa, ita ma mutane ƙalilan ne ke riƙe da ita, gudummawar da take samu a lokacin ba ta wuce dala 2,000 a shekara ba. A watan Afrilu na 2014 aka gano wata kafa a cikinta, wadda aka yi wa laƙabi da Heartbleed, da ta shekara biyu a buɗe tana ba ɓarayi damar kwasar lambobin sirri. Bambancin da ke tsakanin su biyun shi ne inda aka zuba ɗan ƙarfin da ake da shi.

Su kansu masu SQLite sun faɗa a fili cewa bin kowace mararraba ɗari bisa ɗari aiki ne mai cin rai, kuma mai yiwuwa bai cancanci kuɗinsa ba ga manhaja ta yau da kullum. Amma akwai abubuwan da matasa biyu ko uku masu rubuta manhajar asibiti, ko ta makaranta, ko ta ƙungiyar adashi, za su iya ɗauka tun yau ba tare da sun kashe kwabo ba.

Na farko, a fara gwaji daga inda kuskure zai fi ciwo, watau lissafin kuɗi, da bayanan marasa lafiya, da sakamakon jarrabawa. Launin allo yana iya jira. Na biyu, duk kuskuren da mai saye ya kawo ƙara a kansa, a rubuta masa gwaji kafin a gyara, domin kada a yi jinyar ciwo ɗaya sau biyu. Na uku, a gwada ranar wahala: a yanke intanet a tsakiyar biyan kuɗi, a kashe na'ura a tsakiyar ajiya, a cika faifai, a sa haruffa inda ake jiran lamba. Na huɗu, a bar na'ura ta yi aikin maimaici. Kayan aiki irin su gcov, mai nuna layukan da gwaji bai taɓa ba, da Valgrind, mai kama ɓarnar ƙwaƙwalwa, da American Fuzzy Lop, duk kyauta ne. Na biyar, a rubuta jerin abubuwan dubawa kafin a kai wa mai saye, ko da a takarda ɗaya ce, a kuma sa mutum na biyu ya bi baya. Na shida, a rage kwaɗayin ƙara sababbin abubuwa, domin kowane ƙari sabuwar mararraba ce mai jiran gwaji.

Masu saye su ma suna da nasu rabon. Hukuma ko kamfanin da zai ba da kwangilar manhaja yana da ikon ya tambaya a nuna masa gwaje-gwajen da aka yi, da abin da zai faru in wuta ta ɗauke, kafin ya sa hannu a takardar biya.

Gumin da Hipp ya zubar bai tafi a banza ba. Injin TH3 ba kyauta ba ne, sai da lasisi ake amfani da shi. Kamfanin Airbus ya tabbatar da cewa yana amfani da SQLite a manhajar jiragensa samfurin A350. Babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa ta cikin tsare-tsaren da ya amince a adana bayanai da su domin 'yan baya. Masu ita kuma sun bayyana niyyar ci gaba da kula da ita har zuwa shekarar 2050. Mutane ƙalilan ba za su iya ɗaukar alkawari mai nisa haka ba sai don sun san duk sa'ad da suka taɓa layi ɗaya, akwai miliyoyin gwaji da za su faɗa musu ko sun ɓata wani abu kafin gari ya waye. Hausawa dai sun riga sun ce rigakafi ya fi magani.